Mai Ɗaurin Rodin da Aka Tasa Ƙeyarsa Daga Abuja Ba Tare da an Saurare Shi Ba

Mutumin da wannan nazari ya shafa mai ɗaurin rodi ne, haifaffen wani ƙauye da ke kudu da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. An sakaya sunansa da na iyalinsa, haka kuma ba a ambaci kamfanin da ya yi wa aiki ko hukumar da jami'anta suka kama shi ba. Na shiga lamarin ne a matsayin ɗan sa-kai mai rubuta wa iyalin takardu da yi musu tafinta a gaban lauya, saboda haka abin da zan kawo ya fito ne daga takardun da na riƙe da hannuna da kuma bakin waɗanda abin ya faru a kan idonsu.

Asalin zamansa: 2005 zuwa tsakiyar 2019

Ya shigo Najeriya a 2005, shekarar da yunwar da fari da farin dango suka jawo ta tsananta a yankunan Maraɗi da Damagaram da Tawa. Yana da shekara 19 a lokacin. Ya fara da ga-ruwa a Katsina, ya yi leburanci a Kano, sannan ya gangaro Abuja a 2008. Ga Bamaraɗe, zuwa Katsina ba ya kama da fita ƙasar waje, domin waɗanda suka kafa sarautar Maraɗi sarakunan Katsina ne da suka bar birnin bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, kuma har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkin garin. Harshe ɗaya ne, dangi kuma a warwatse suke a ɓangarorin biyu. Wannan kusanci ne yake sa da yawa daga cikin 'yan uwansa ba sa ɗaukar maganar takardu da muhimmanci. Shi kam ya ɗauke ta.

A Abuja ya fara da ɗaukar kankare a kwanon sarki, har wani tsohon ma'aikaci ɗan Togo ya ja shi a jiki ya koya masa lanƙwasa rodi, da yanka zobban ginshiƙi daidai gwargwado, da murɗa waya da lanƙwasasshiyar ƙusa yadda ɗaurin ba zai motsa ba idan an zuba dakin, wato kankaren saman bene. A 2012 ya auri wata 'yar Najeriya da iyayenta ke zaune a unguwar Gwagwa da ke Abuja, suka haifi 'ya'ya 3. Yaran 'yan Najeriya ne ta wajen mahaifiyarsu bisa sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999. Shi kuwa auren bai ba shi wannan matsayi ba, domin sashe na 26 ya buɗe ƙofar rajistar zama ɗan ƙasa ga baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya, amma bai buɗe ta ga baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba.

Zamansa na halal ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 a kan zirga-zirgar jama'a ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba tare da biza ba har tsawon kwana 90, ƙarin da aka yi mata a 1986 kuma ya tanadi 'yancin zama domin neman aiki, da sharaɗin mallakar katin zama. Nijar tana cikin ƙungiyar a duk tsawon wannan lamari, domin ficewarta ba ta tabbata ba sai a watan Janairun 2025. Yana da fasfo da katin zaman da wa'adinsa bai ƙare ba. Da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da rajistar baƙi ta kwamfuta a watan Yulin 2019, tare da afuwar wata 6 ga waɗanda takardunsu ba su cika ba, ya je ya yi rajista a watan Agusta aka ba shi takardar shaida mai lamba. Matarsa ta kai takardun uku shagon kwafi ta yi hoton kowacce, ta haɗa su cikin ledar da take ajiye katin rigakafin yara da takardun haihuwarsu, ta tura ƙarƙashin atamfofinta a cikin akwati.

Yuli zuwa Nuwamba 2019: bashin lada da karɓe takardu

Tun farkon shekarar yake aiki da wani ɗan kwangila da ke gina rukunin benaye a gefen hanyar filin jirgin sama. Biyan wata-wata aka yi da shi da baki. Dokar ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3, amma ba a ba kowa a wurin ba. Daga watan Yuli aka daina biyan cikakken lada, sai ɗan kuɗin abinci da ake miƙawa duk Asabar tare da alkawarin cewa masu gidajen sun kusa sakin kuɗi. Shi kuwa yana da al'adar da ya taso da ita tun makarantar allo, yana rubuta komai da ajami a wani ƙaramin littafi: ranar da ya yi aiki, ginin da ya ɗaure, abin da aka ba shi, da abin da ya rage.

A ranar 20 ga Agusta Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu, bincike ya tsananta a kan hanyoyi, baƙi suka shiga zaman ɗar-ɗar. A watan Oktoba foman ya tara ma'aikatan da ba 'yan ƙasa ba, ya ce kamfani na buƙatar ainihin takardunsu domin ya nuna wa hukuma idan an zo bincike, kuma za a mayar musu cikin mako guda. Ya miƙa fasfonsa da katin zamansa da takardar rajista. Ba a ba shi rasit ba, mako ya wuce, wata ya wuce.

A tsakiyar Nuwamba, ana saura kwana ɗaya a zuba dakin bene na biyu, ma'aikatan suka ajiye kayan aiki. Shi suka tura ya yi magana saboda ya fi su daɗewa da kuma sanyin baki. Waɗanda ke wurin sun ce abin da ya faɗa bai wuce haka ba: "Oga, wata huɗu ke nan muna aiki a kan alkawari. A ba mu ko da rabi ne mu kai gida, a kuma dawo mana da takardunmu." Foman ya dube shi ya ce, "Kai da ba ɗan ƙasa ba, har da kai a masu ɗaga murya?" Aka rabu a kan cewa za a kira mai kamfanin.

Kwanaki takwas na Nuwamba

Kwana uku bayan wannan magana, da asuba, jami'ai suka shigo wurin da motoci biyu. A makon nan yana kwana a wurin aiki saboda tsaron rodin da aka riga aka yanka. An kama mutum 11. Da aka tambaye shi takardunsa ya ce, "Yallaɓai, suna hannun foman, amma akwai kwafinsu a gidana a Gwagwa." Foman bai kwana a wurin ba, wayarsa kuma a kashe take. Aka karɓe wayoyin waɗanda aka kama, aka zuba su a mota.

Daga rana ta 2 zuwa ta 4 an sallami mutum 7 ɗaya bayan ɗaya, wasu saboda an gano 'yan Najeriya ne, wasu saboda danginsu sun samu wanda ya tsaya musu. Shi sau ɗaya aka kira shi, aka tambayi sunansa da garinsu, ya ce Maraɗi, ya sake maimaita maganar kwafin takardu, mai rubutu bai ɗaga kai ba. Ba a faɗa masa laifinsa a rubuce ba, ba a ba shi damar kiran iyali ko lauya ba, ba a kuma tambaye shi ko yana son a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa ba.

A waje kuwa matarsa ta shafe kwana uku tana bin ofisoshin 'yan sanda da asibitoci, har ɗaya daga cikin waɗanda aka sallama ya faɗa mata inda yake. A rana ta 4, wadda ta faɗo Juma'a, yayanta ya ɗauki ledar kwafin ya je bakin ƙofar ofishin da ƙarfe 10 na safe. Ya tsaya har la'asar. Mai gadin ƙofa ya ce masa oga ba ya nan, ya dawo Litinin. Ya roƙi a karɓi takardun a ajiye, aka ce ba a karɓar komai a ƙofa.

A rana ta 5 aka kawo wa mutum huɗun da suka rage wata takarda da Turanci, aka ce su dangwala yatsa domin a sallame su. Ya dangwala yana zaton gida za shi. A rana ta 7, Litinin, tun kafin gari ya waye aka sa su a mota aka bi hanyar Kaduna da Zariya zuwa Katsina, saboda haka lokacin da surukinsa ya dawo da ledar, motar ta riga ta yi nisa. A rana ta 8 aka sauke su a iyakar Jibiya aka nuna musu hanyar Ɗan Isa. Yana sanye da kayan aikinsa masu tsatsar rodi da silifas, a aljihunsa akwai naira 1,500. Da wayar wani mai shayi ya kira matarsa, abin da ya fara tambaya shi ne ko an ɗauko littafinsa daga ɗakin kwanon da yake kwana.

Disamba 2019 zuwa Mayu 2020: hanyoyin da ba su ɓulle ba

Abin da iyalin suka fara yi shi ne neman wanda ya san wani. Wani mutum da ke yawo a bakin ofisoshi ya ce da naira 60,000 zai sa a goge sunan daga rajistar waɗanda aka kora, a kuma fito da takardar izinin dawowa. Matar ta sayar da keken ɗinkinta ta biya. Mutumin ya yi mako biyu yana cewa fayil yana kan teburin oga, daga nan lambarsa ta daina shiga.

Shawara ta biyu daga dangi ta fito, kuma ita ce wadda kusan kowa yake bi: ya hau kabu-kabu ta daji ya kewaye shingen iyaka, washegari yana Abuja. An matsa masa ƙwarai, har wani kawunsa ya ce masa girman kai ne ya hana shi. Ya ƙi. Dalilinsa, kamar yadda ya faɗa wa surukinsa a waya, shi ne shekara 14 yana zaune da gaskiyarsa, idan ya shigo ta ɓarauniyar hanya ya zama abin da aka ce shi ne, kuma duk ranar da aka sake tare shi ba shi da bakin magana. Akwai kuma haɗarin da shi bai san sunansa ba a lokacin: wanda umarnin kora ke kansa, sake shigowarsa laifi ne a dokar shige da fice, kuma babu wanda ya san ko akwai irin wannan umarni a kansa.

Hanya ta uku ita ce ta kotu, kuma ita ta fi cin lokaci. Lauyan farko ya gina ƙarar ne a kan shari'ar da duk mai karatun lauya a Najeriya ya sani, ta Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno a ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, wanda gwamnatin tarayya ta tasa ƙeyarsa zuwa Chadi a watan Janairun 1980 bisa zargin cewa ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta tabbatar cewa ɗan Najeriya ne, ta rushe korar, ta kuma ba shi diyya. Lauyan ya ji daga bakin iyalin cewa kakar mutumin ta wajen uwa daga ƙasar Jibiya aka auro ta, sai ya shigar da ƙara a babbar kotun birnin tarayya a watan Fabrairun 2020 yana cewa an kori ɗan ƙasa, abin da sashe na 41 na kundin tsarin mulki ya haramta.

Ƙarar ta haɗu da cikas biyu. Na farko, kakar ta daɗe da rasuwa, babu takarda ko ɗaya da ta ambace ta, shi kuma mutumin ya shafe shekaru yana sabunta katin da ya bayyana shi a matsayin baƙo. An samu wanda ya ce zai samo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma da 'yan kuɗi kaɗan, amma yayan matar ya ce ba zai rantse a kan ƙarya ba. Na biyu, lauyoyin hukumar sun ƙalubalanci hurumin kotun, suna dogaro da sashe na 251 wanda ya sa batun baƙi da korarsu da shige da fice a hannun Babbar Kotun Tarayya. Kafin a saurari wannan ƙalubale annobar korona ta shigo. A ranar 23 ga Maris aka hana zirga-zirgar mutane ta iyakokin tudu, a ranar 30 ga Maris aka kulle Abuja, zaman kotuna ya tsaya. A wannan tsakanin kuɗin haya ya ƙare, matar ta kwashe yara ta koma ɗaki guda a gidan iyayenta, babban yaron kuma aka cire shi daga makarantar kuɗi.

Yuni zuwa Disamba 2020: sake gina ƙarar

A watan Yuni wata lauya da ke aikin taimakon marasa ƙarfi kyauta ta karɓi fayil ɗin. Ina zaune a wurin ranar da ta fara ganawa da matar. Ta baje kwafin uku a kan tebur, ta daɗe tana duba ranar ƙarewar katin zaman, sannan ta ce, "Malama, ke ko maigidanki, akwai wanda ya taɓa ganin takardar umarnin korarsa da sa hannun minista?" Matar ta ce, "Barista, ko takardar kamu ba a ba mu ba." Lauyar ta ce to daga nan za a fara.

Ta janye ƙarar farko gaba ɗaya, ta daina maganar kaka da Jibiya. Hujjarta tana cikin kalmomin kundin tsarin mulkin kansa. Sashe na 41 da ke maganar zirga-zirga da haramta kora yana farawa ne da "kowane ɗan ƙasa", amma sashe na 35 a kan 'yancin walwala da sashe na 36 a kan sauraron adalci suna magana ne a kan mutum, ba tare da tambayar ƙasarsa ba. Sashe na 35 ya yarda a tsare mutum domin fitar da shi daga ƙasa, amma bisa tsarin da doka ta tanada, kuma ya ce duk wanda aka tsare yana da damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wanda ya zaɓa, a kuma sanar da shi dalilin tsarewar a rubuce, cikin awa 24, da harshen da yake ji. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Ta ɗora a kan wannan da sashe na 12 na Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wanda ya ce baƙon da ya shigo bisa doka ba a korar sa sai da hukuncin da aka yanke bisa doka. Ƙarfin wannan yarjejeniya a Najeriya daban yake da na sauran, domin an mayar da ita dokar ƙasa tun 1983, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da aiki da ita a shari'ar Abacha da Gani Fawehinmi a 2000. Ta kuma kawo sashe na 11 na yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wanda ya wajabta sanar da wanda za a kora da gwamnatin ƙasarsa da kuma kare dukiyarsa, da sashe na 13 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin jama'a da siyasa, wadda Najeriya ta shiga a 1993, inda aka ce a bar baƙo ya kawo hujjarsa a kan korar, a sake duba lamarinsa, a kuma bar wani ya wakilce shi. A ƙarƙashin dokar shige da fice ta 2015, Ministan Harkokin Cikin Gida ne ke ba da umarnin kora. Tambayar ta zama guda ɗaya mai sauƙin amsawa: ina umarnin?

Kafin ta je kotu ta rubuta wa hukumar wasiƙa a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana neman kwafin umarnin da bayanan tsarewar. Dokar ta ba da kwana 7. Ba a amsa ba, sai ta haɗa kwafin wasiƙar mai hatimin karɓa cikin hujjojinta. Matsalar rantsuwa kuwa, tunda mai ƙarar yana Maraɗi iyaka kuma a rufe, ƙa'idojin tabbatar da haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun warware ta, domin sun yarda wani ya rantse a madadin wanda ba zai iya zuwa ba muddin ya bayyana inda ya samu labarin. Yayan matar ya rantse a kan tsayuwarsa a bakin ƙofa da kuma abin da surukinsa ya faɗa masa a waya, ni na juya bayanin zuwa Turanci, sannan na karanta masa da Hausa jimla bayan jimla kafin ya sa hannu. Ɗaya daga cikin bakwai ɗin da aka sallama, wani kafinta ɗan Jihar Bauchi, ya rantse cewa da kunnensa ya ji mutumin yana faɗa wa jami'ai inda takardunsa suke. A watan Yuli aka shigar da ƙarar a Babbar Kotun Tarayya.

Ƙa'ida ta ba wanda ake ƙara kwana 5 ya mayar da martani, amma sai bayan mako 7 martanin ya zo tare da neman ƙarin lokaci. A cikinsa hukumar ta ce an same shi ba takardu, kuma ba korar sa aka yi ba, shi ne ya amince da kansa a mayar da shi gida. Ta haɗa takardar da ya dangwala wa yatsa. Ba ta kawo umarnin minista ba, ba ta kuma musanta lambar katin zamansa ko ta rajistarsa ba. Lauyar ta nuna cewa takardar da Turanci take, kuma babu bayanin da doka ke buƙata a jikin takardar da aka rubuta wa wanda bai iya karanta ta ba, wato sunan wanda ya rubuta da shaidar cewa an karanta masa an kuma fassara masa kafin ya dangwala. Iya ajaminsa bai sauya komai ba, tunda abin dubawa shi ne harshen da aka rubuta takardar da shi.

Batun lada kuwa ta raba shi daban, domin yana ƙarƙashin kotun ma'aikata ne. Da aka aika wa kamfanin takardar gargaɗin shigar da ƙara, ya fara cewa mutumin ne ya gudu ya bar aiki. Littafin ajamin, wanda wani lebura ya tsinta ya kai wa matar, ya zo daidai da rajistar halartar aiki ta foman kusan rana da rana, kuma abokan aikinsa 6 sun yarda su ba da shaida. Kamfanin ya nemi sulhu. A watan Nuwamba aka amince zai biya ladan wata 3 cikin 4 a kashi biyu, ya kuma fito da fasfon da katin da takardar rajistar, waɗanda foman ya ce sun shige cikin wasu takardu ne a ofis. Aka ba wani direban Katsina fasfon ya isar da shi.

Janairu zuwa Yuni 2021: hukunci da dawowa

A watan Maris kotu ta yanke hukunci. Ta ce tsarewar ta saɓa wa sashe na 35, fitar da shi kuma an yi ta ba tare da umarnin da doka ta tanada ba kuma ba tare da an saurare shi ba, sannan ta ƙi karɓar takardar dangwalen a matsayin shaidar amincewa. Ta bayyana cewa babu abin da zai hana shi shigowa bisa ƙa'idojin da suka shafi kowane ɗan ECOWAS, ta ba shi diyyar naira miliyan 1 da umarnin a nemi afuwarsa a rubuce.

Tun ranar 16 ga Disamban 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Jibiya da ke kusa da garinsu ba ta cikinsu, ba a buɗe ta ba sai a watan Afrilun 2022, saboda haka ya zagaya ta Ƙonni ya shigo ta Illela, riƙe da fasfonsa da kwafin hukuncin, aka buga masa hatimi. Ya iso Gwagwa a farkon Afrilu, kusan wata 17 bayan ranar da aka ɗauke shi. Autarsa, wadda ya bari tana rarrafe, ta ɓuya a bayan zanen mahaifiyarta ta ƙi zuwa wurinsa har kwana biyu. Katin zamansa ya ƙare yana can, ya sabunta shi a watan Mayu, ya koma ɗaurin rodi da wani ɗan kwangila a Kubwa.

Ladan wata ukun ya shiga hannunsa. Diyyar da wasiƙar afuwar ba su zo ba. Yajin aikin ma'aikatan kotuna da ya fara a ranar 6 ga Afrilu ya rufe kotuna har tsakiyar Yuni, bayan haka kuma aka ci karo da tanadin dokar da ke neman amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. Lauyar ta rubuta neman amincewar sau biyu.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Babu wanda ke jayayya cewa ƙasa tana da ikon sanin wanda ke cikinta da fitar da wanda ya karya dokarta. A ganina laifin da aka yi a nan ya fi ƙanƙanta a aikace kuma ya fi muni a sakamako: sau uku gaskiya ta zo har bakin ƙofa aka ƙi dubawa. Ta zo a wurin aiki lokacin da ya faɗi inda kwafin suke, ta zo ranar Juma'a a hannun surukinsa, ta kuma zo ranar dangwale, inda fassara jimla biyu da Hausa ta isa ta sa ya janye yatsansa. Lambar rajistarsa tana cikin kwamfutar gwamnati tun watan Agusta. Sauraron da doka ta wajabta shi ne kaɗai abin da ke tsakanin jami'in da ke gaggawa da kuskuren da zai raba mutum da 'ya'yansa kusan wata 17, kuma a wannan lamari bai fi aikin rabin awa ba.

Ƙarar farko ta gaza ne saboda ta amince, ba tare da ta faɗa ba, cewa sai mutum ya zama ɗan ƙasa kafin ya cancanci a saurare shi. Wannan tunani ya yi ƙarfi a cikinmu har iyalin da kansu suka fi son a ƙirƙiro masa asali a kan a nemi haƙƙinsa a matsayinsa na gaskiya, kuma ban ga laifinsu ba, tunda ƙasar da ta kori baƙi kusan miliyan 2 a 1983 da wa'adin mako biyu ta koya wa mutane abin da za su zata. Ƙara ta biyu ta yi nasara ne domin ta taƙaita rigimar zuwa tambayar da takarda kaɗai za ta amsa, ta kuma ɗora nauyin amsar a kan hukuma. Amma ba ta da abin tsayawa a kai in ba don abubuwa uku da aka yi tun kafin lauya ta shigo ba: ledar da matar ta ajiye, ƙin rantsuwar ƙarya da yayanta ya yi, da ƙin bin daji da shi kansa ya yi duk da gorin dangi.

Game da ko kamfanin ne ya kira samamen domin ya huce takaicin yajin aiki ya kuma tsira da kuɗin, tazarar kwana uku da kashe wayar foman suna da nauyi a zuciyata, amma ba a samu shaida ba, kuma lauyar ta yi daidai da ta ƙi sa zargin a cikin ƙarar. Abin da ya tabbata shi ne karɓe takardun ma'aikaci ya mayar da mai zaman halal baƙon haure a idon duk wanda ya tare shi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990 a kan haƙƙin baƙin ma'aikata, wadda Najeriya ta shiga a 2009, ta haramta wa duk wanda ba jami'in da doka ta ba izini ba ya karɓe irin waɗannan takardu, amma sulhun da aka yi ya rufe maganar ba tare da an tuhumi kowa ba, kuma wannan rashi ne da nake ganin bai kamata a yarda da shi ba.

Mutum uku aka sauke tare da shi a Jibiya. Biyu daga yankin Damagaram suke, ɗaya daga Tasawa. Ko da takardunsu ba su cika ba, sashe na 35 ya shafe su kamar yadda ya shafe shi, kuma watan Nuwamba yana cikin wa'adin afuwar da gwamnati ta bayar. Su ma suna bin kamfanin ladan wata huɗu. Lauyar ta rubuta sunayensu a bangon fayil ɗin kamar yadda ya faɗa mata, ta aika saƙo ta hannun shugaban 'yan Nijar mazauna unguwar, amma ba su da iyali a Abuja, ba su bar kwafin komai ba, kuma ba a samu wanda zai rantse a madadinsu ba.